Warin Fetur a Rigar Chaibou

Sallama gare ku, 'yan uwa masu karatu. Ga wadda ba ta san ni ba, sunana Rékia, 'yar Alhaji Illo mai shagon shadda da turare a Paris. Abin da zan ba ku yau ya faru ne a 1985, lokacin ina budurwa mai shegen son tambaya, irin wadda ake cewa a gida ko gawa ta gani sai ta tambaye ta me ya kashe ta. Ku gyara zama, don har yau idan na tuna wannan rana dariya da kuka tare suke zo mini.

A Sevran, gefen Paris, muke zaune, can saman bene, a gidan da tun daga matakala ƙamshi zai gaya maka 'yan Maradi ne a ciki. Ƙanwar Baba, Tanti Raliatou, ita ke haɗa turaren wuta da humrar da ake sayarwa a shago, kuma tun rasuwar mijinta take tare da mu. Labule, darduma, kujeru, har littattafan makarantata duk sun sha hawi da sandal. To a irin wannan gida ne Chaibou ya shigo gaisuwa yana warin fetur.

Chaibou ɗan Tahoua ne, yana karatun injiniya a Villeurbanne, gefen Lyon. A wajen wani suna muka haɗu, ni ina rabon lemo, shi yana gyara wa masu gida fankar da ta ƙi juyawa. Dogo ne siriri, mai sanyin magana, wanda sai ka matso kake jin abin da yake cewa. Ina son shi, ba zan ɓoye muku ba, tun ranar nake son shi. Ya zo gaida Baba cikin farar shadda mai guga kamar takarda, ya durƙusa, ya yi duk abin da ɗan mutunci ke yi. Yana fita Baba ya tashi ya buɗe taga. Da ya sake zuwa, aka sake buɗe tagar.

"Yaron ga ƙarya yake," in ji Baba muna cin tuwo. "Hancina bai taɓa yaudara ta ba. Injiniya biro gare shi, da teburi da alƙalami. Wanga wari na masu zuba esansi ne a gidan mai. Ba aikin na raina ba, ƙaryar na ƙi. Wanda ya hwara da ƙarya ba ni ba shi ɗiyata."

Ku 'yan yanzu da waya ke kwana a ƙarƙashin matashinku ba za ku gane wahalar da muka sha ba. Tarhon gida a gaban Baba yake, sai na sa kwat na sauka har rumfar tarho ta bakin tasha, na kira gidan ɗalibai, wani ya ɗauka a baranda, na ji yana ƙwala ihu, "Chaibou, téléphone!" sannan na tsaya ina sauraren ƙarar silifas ɗinsa daga nesa.

"Chaibou, don Allah hwaɗa mini gaskiya. Mi ya sa kake warin esansi?"

Ya ce, "Jirgi nike ƙerawa."

"Jirgin mi?"

"Na sama. Je te jure, Rékia, na rantse maki. Ni da wani tsoho, cikin garajinshi."

Na yi dariya har mai jiran layi a waje ya harare ni. Amma ina komawa gida tambayoyi suka hana ni sakat. Da me ake ƙera jirgi? Ta ina ake farawa, ta kai ko ta wutsiya? Da na kai wa Baba wannan amsa kuwa, sai na ƙara dagula lamarin.

"Jirgi! A garaji! Gobe shi ce maki shi ya gina hasumiyar Tour Eiffel." Ya juya wajen ƙanwarsa. "Raliatou, dama za ki kai turare shagunan unguwar Guillotière, can Lyon. Ki tahi ki gano mini da idonki. Abin da kika hwaɗa shi ke nan, ba ni ƙarawa, ba ni ragewa."

Faransancin Tanti bai wuce na ciniki ba, don haka dole aka haɗa ta da ni. Ranar Lahadi ta fito cikin leshinta mai ruwan goro, wanda sai babban biki yake ganin rana, da ɗaurin kallabi mai hawa biyu da mayafi mai duwatsu. Ni na sa riga da siket na atamfa shuɗiya, na jera awarwaro a hannu, na zauna gaban madubi ina gyara kwalli har sai da aka yi mini tsawa. Muka hau jirgin ƙasan nan mai ruwan lemo, mai gudun tsiya. Tanti ta rungume jakar turarenta, tana jan carbi. Ni kuwa sai satar kallonta nake, don na san aurena gaba ɗaya yana kan harshen wannan mata.

Chaibou ya tarbe mu a tashar Part-Dieu. A tsakiyar Turawa masu sauri ya durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, barka da zuwa. Ina gajiya? Ina Alhaji? Ina mutanen gida? Ina sanyi?"

"Lahiya lau," in ji Tanti, tana shaƙar iskar da ke kewaye da shi a fili, ba ko sakayawa.

Ya ɗauke mu a wata 'yar motar aro zuwa wani ƙauye a bayan gari. Garejin na wani tsohon kafinta ne, Misyo Gaston, wanda ya tafi cin abincin rana gidan 'yarsa ya bar masa makulli. Chaibou ya ɗaga ƙofar, ni kuwa na tsaya baki buɗe.

Jama'a, jirgi ne. Ƙarami, amma jirgi. Gangar jikinsa katako ce, tana zaune a kan jakunan kafinta, fukafukan an rataye su a bango, farfelar itace tana kwance a kan tebur an lulluɓe ta da bargo. A gaba ga inji tsirara, wanda ya ce daga wata tsohuwar mota suka ciro suka sake masa hali. Kujeru biyu ne, kafaɗa da kafaɗa.

"La'ilaha illallahu," in ji Tanti. Ta matsa ta murza fatar fiffiken da yatsu biyu, yadda take yi wa shadda a shago. "Ƙyalle ne! Yaro, da ƙyalle za ka hau sama? Wane yadi ne wanga?"

Ya yi mata bayani cikin ladabi, kansa a ƙasa. Ta zagaya jirgin, ta leƙa nan, ta ƙwanƙwasa can, ta toshe hanci da mayafi. Can ta ce warin ya hau mata kai, za ta fita tsakar gida ta yi azahar. Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar ƙofa a wangale yadda za ta riƙa hango mu.

Ni dai tambayata ba a amsa ba. "To warin hwa? Tanki a ruhe yake, ina esansin ke samun rigarka?"

Sai na ga fuskarsa ta canja, irin ta wanda aka taɓo masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya nuna mini wasu siraran tiyo guda uku da suka sauko daga jikin injin.

"Kin ga waɗanga? Ba su kai wa inji mai, hitar da shi suke. Wanga na pampon mai ne. Cikin pampon akwai wata 'yar roba, in ta tsage, man ta nan za shi zubo waje. Wanga kuma in kafireta ta cika ta yi ambaliya. Na ukun na akwatin iska ne, inda mai ke taruwa in an yi ta tada inji bai tashi ba."

"To ka bar su su zubar mana."

"A ina? Nan ne aikin." Ya dafa wani baƙin bututu mai kauri. "Wanga na hayaƙi ne, in inji na aiki ja yake yi don zahi. Ɗigo guda ya hwaɗa mai a sama, an gama. Kuma can bisa ba gehen hanya da za ka tsaya."

Ya ce dole kowane tiyo ya yi ta gangara har ƙarshe, kada ya yi ciki a tsakiya, don in ya yi ciki mai zai kwanta a wurin. Kada ya goga da ƙarfe, saboda inji na karkarwa, a hankali zai cinye shi. Kuma bakinsa ya leƙo ta ƙarƙashi, can gefe, don iskar tafiya baya take tura ɗigo, ba ƙasa ba.

"Mi zai hana ka haɗe su ukun su zama guda? Ka huta."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Misyo Gaston ma haka ya ce. Amma in na ga ɗigo, so nike in san wane ne ke kuka cikinsu."

"Har yanzu ba ka hwaɗa mini zancen riga ba."

Ya yi 'yar dariya. Ashe duk sanda ya canja wa tiyo hanya, sai ya ɗura fetur da sirinji ta sama, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin injin yana kallon inda ɗigon zai sauka. Sau da yawa a ƙirjinsa yake sauka. Kabad ɗinsa kuma guda ne a ɗakin ɗalibai, kayan aiki da shaddar zuwa gidan surukai duk a ciki suke kwana. Kun ji fa abin da ya kusa raba ni da miji.

Tiyo biyu sun zauna daidai, na ukun ne ya gagare su. Hanyar da ta dace da shi wani ɗan tsukin wuri ne tsakanin injin da bangon ƙarfen da ke bayansa, kuma hannun Chaibou ba ya shiga, balle na tsoho. Na dubi wurin, na dubi hannuna. Kafin ya ce wani abu na tuɓe kwat, na zare awarwaro na zuba masa a tafi.

"Rékia, atamhwarki..."

"Miƙo tiyon."

Na durƙusa ta wannan gefe, shi ta wancan, injin a tsakaninmu. Na cusa hannu har gwiwa, ƙarfe mai sanyi yana kartar fatata, ina lalube kamar mai neman ɗan kunne a ƙarƙashin gado. "Doucement," yake cewa, "a hankali, ƙasa kaɗan, ki bi bayan wayar, kar ki bi gabanta." Sai na ji bakin tiyon ya sulluɓe ya fita ta ƙasa. Ya ɗaure shi da maɗauri, ya tura wani gwangwani a ƙarƙashi, ya ɗura fetur da sirinjin. Muka zuba ido. Ɗigon ya taho, ya leƙo, ya faɗa tsakiyar gwangwanin, nesa da bututun hayaƙi. Na biyu ya biyo shi, na uku ma haka.

Wallahi ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, ko ranar da na ci jarrabawa. Ya ƙara ɗurawa don in sake gani, har gwangwanin ya kusa rabi, wani ya fantsama a siminti. Ya ce in ja siket ɗina, wai tururin fetur ba sama yake tashi ba, a ƙasa yake kwanciya kamar ruwa.

Na ce ina son in ji yadda zaman ciki yake. Ya kawo mini akwati na taka, na shiga na zauna a kujerar dama, na kama sandar tuƙi. Ta gilashin gaba ba abin da nake gani sai bangon gareji, amma zuciyata ta riga ta wuce rufin. Yaya Lyon take daga sama? Gajimare yana da wari? A take na san ba kallo kawai nake so ba, so nake ranar da wannan abu zai bar ƙasa ina cikinsa.

"Wagga kujera ta wa ce?" na tambaya.

Ya sunkuyar da kai, ya ciro awarwarona daga aljihu yana murzawa. Bai kai ga amsawa ba na ji ƙamshin sandal.

Tanti ce ta shigo, tana murmushi, murmushinta na farko a ranar. A hannunta ga ɗan kaskon da take gwada wa masu shago turare, garwashi ya yi jajir, tana fifita shi da bakin mayafi. Ku fahimce ni, a gidanmu Tanti ba ta yi wa kowa turare sai wanda ta karɓa. Ta ga jirgi, ta ga yaro ba maƙaryaci ba ne, shi ne ta fita ta hura gawayi don ta kore masa wari ta sa wa aikinsa albarka. Ta nufo injin kai tsaye, ta fara sunkuyawa za ta ajiye kaskon a ƙasa, dab da gwangwanin.

"KE! Tsaya nan! Kar ki aje!"

Ban san Chaibou yana da irin wannan murya ba. Tanti ta daskare, kasko a daidai gwiwarta. Ya suri bokitin da suke wanke hannu, ruwa da dusar katako da komai, ya sheƙa mata gaba ɗaya. Garwashin ya yi cuuu. Ya fizge kaskon ya wurga shi waje, ya damƙi hannunta ya ja ta har tsakar gida kamar yarinya, kallabin nan mai hawa biyu ya faɗi a hanya. Sannan ya dawo da gudu ya shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a wurin, ya ce in sauko in fita.

Da na fito, Tanti na tsaye a rana, ruwa na ɗiga daga leshi, dusa a gira, furfurarta a waje. Matar da ko Baba ba ya ɗaga wa murya, yau wanda ya zo neman aure ya ce mata "ke", ya jiƙa ta, ya taɓa ta, ya tuɓe mata kallabi. Chaibou ya zube a gabanta.

"Hajiya, ki gahwarce ni. Don girman Allah ki gahwarce ni."

Ba ta dube shi ba. Ta karɓi kallabin daga hannuna ta ɗaura, na yafa mata kwat ɗina. "Ku kai ni wurin telehon," ta ce.

Muka shiga mota. Ni na riga na fara kuka a ɓoye, ina kallon ƙeyarsa ina yi mata ban kwana. Sai da muka shigo gari, muka fara ganin shagunan Guillotière, sannan Tanti ta yi magana, idonta a kan titi.

"Da na aje shi ƙasa, mi za shi hwaru?"

"Da duk mun ƙone, Hajiya. Rékia ce ma ba ta iya hitowa da wuri."

Ta ciro carbinta ta ci gaba da ja.

Muka sami rumfar tarho kusa da wani shagon nama. Na buga mata lambar gida, zan fita ta riƙe mini hannu, muka matsu a ciki mu biyu, tana warin jiƙaƙƙen gawayi. Chaibou ya tsaya can nesa riƙe da jakarta. Ina jin muryar Baba sarai.

"Raliatou? Kun sauka lahiya? To, mi kika gani?"

"Jirgi na nan, Yaya. Na taɓa shi da hannuna. Yaro bai yi ƙarya ba."

"Ikon Allah. To halinshi hwa?"

"Ba shi da kunya. Ya daka mini tsawa, ya ce mini ke, ya sheƙa mini ruwan wanki a leshina, ya ja ni kamar akuya."

Na rufe ido. Baba ya fara salati da ƙarfi, amma ta katse shi, ta ba shi labarin kasko da gwangwani tiryan-tiryan, ba ta rage laifinta ko kaɗan ba. Sannan ta ce, "Ka ba shi ita."

"Raliatou, kina cikin hankalinki? Yaron da ya..."

"Yaya, saurara. Mai kunya na aura, ka sani, duk Maradi ba wanda ya kai Malam Saley kunya. Ranar da Baffa, ubanmu, za shi Madaoua da kamyonshi na ɗaukar kaya, Saley ya ga tiyon birki na ɗiga. Ya gani da idonshi. Amma ango ne, sati bai cika ba, ya ji nauyin shi ce wa surukinshi kar ka tahi. Ya yi shiru, ya ɗaga mai hannu." Muryarta ta karye. "Sai da ya zo mutuwa ya hwaɗa mini. Ban taɓa gaya maka ba. Ni dai na ga abin da kunya ta yi muna, ta ci muna uba. Wanga yaro ka ba shi ita."

Ban taɓa ganin hawayen Tanti ba sai ranar. Kakana kuwa abin da na sani kawai shi ne hatsarin mota ya yi kafin a haife ni. Tanti ta goge ido da hannun kwat ɗina, ta dubi Chaibou ta cikin gilashi ta gyaɗa masa kai sau ɗaya. Na ga ya saki jakar ya rufe fuska da hannu biyu.

"Ba ni Rékia," in ji Baba. Muryarsa ta dushe kamar ba tasa ba.

Na karɓa. "Na'am, Baba."

"Na ba shi ke. Shi turo manyanshi." Na buɗe baki zan yi godiya, ya ci gaba. "Amma abu guda. Inji ya ci mini uba, ba shi ci mini ɗiya. Ki rantse mini yanzu, da Allah, ƙahwarki ba ta taɓa shiga jirgin ga. Ko yana ƙasa, ko yana bisa. Ki rantse, in sa albarka."

Baba bai san ƙafar ta riga ta shiga ba, bai kuma san abin da na ƙudurta ina zaune a wurin ba. Rantsuwa da Allah kuma ba abin da zan yi da baki ba ne zuciyata tana wani wuri. A waje Chaibou ya ɗago kai yana mini murmushi, irin na mutumin da ya gama samun duk abin da yake nema a duniya. Tanti ta matse mini hannu.

"Rékia," in ji Baba. "Ina jin numhwashinki. Ke nike jira."